Sabon Kunne a Tudun Barón

Leontina Quilodrán ta hau tudun Barón da gita a baya,
matakala ɗari da 'yan kai, iskar tekun Valparaíso na tura ta.
Gitar bes ce, mai tsirkiya huɗu masu kauri,
ta gado, fenti ya koɗe
daidai inda hannun ubanta ya saba kwanciya.

Ciwonta ɗaya: ƙugi.
Da an jona ta da lasifika sai ta soma,
kamar an toshe zuma a tulu.
Firjin gidan rawa ya tashi, ta amsa masa.
Motar lantarki ta wuce tana lasar wayoyin titi, ta amsa mata.
Shekara tara Leontina na kiɗa a karkace,
fuska ga bango, ƙeya ga masu rawa,
don a wannan kusurwa kaɗai ƙugin ke lafawa.
Ran Asabar mai ɗaukar sauti ya dafe kai, ya ce:
"Ko ki sauya mata kunne, ko mu nemi wani makaɗi."

Shagon Evaristo Huenchul na warin dalma da kofi mai sanyi.
Ya kwance noti huɗu, ya ɗago tsohon kunnen a tafin hannu:
maganaɗisu ne, an naɗe shi da zaren jan ƙarfe
sirantar gashin jariri, naɗi dubu takwas.
"Ba shi da laifi," in ji shi, "kunne ne da ba ya zaɓe.
Yana jin tsirkiya, yana kuma jin gulmar wayoyin gari."

Ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera uku.

Na fari goyo ne, naɗi a kan naɗi.
Shiru kam akwai, ga shi da araha,
amma muryar ta fito kamar mai magana da bargo a baki.
Ta girgiza kai. Araha ba ta ado.

Na biyu sai da batir, yana da ƙarfi, tas kamar gilashi,
sai dai a fafe katako a yi masa ɗaki.
Ta dafa gitar. "Ba mai fafe cikin nan ina raye."

Na uku an tsaga shi biyu a cikin kube ɗaya,
kowane rabi na sauraron tsirkiya biyu.
Wannan an naɗe shi dama, wancan hagu,
an kuma juya musu kan maganaɗisu.
In ƙugi ya shigo, kowa ya ƙaryata ɗan'uwansa, zance ya mutu;
in tsirkiya ce ta yi magana, su shaida tare.
Kuɗinsa hayar rabin wata.

"Me zan rasa?"
Tsohon ya sosa gemu. "Ɗan kaifi can sama,
kamar gishiri ya gaza da yatsa ɗaya.
Wanda ya ce miki ba za ki rasa kome ba, kasuwa yake ci."

Ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta ajiye.
Hayaƙin dalma ya miƙe siriri.
Ya jona waya, ya murɗa sauti har ƙarshe.

Ba kome.
Ta duba ko wutar ce aka ɗauke.
Can ƙasa jirgin ruwa ya yi kuka, ta ji shi sarai.
Ashe tun tana ƙarama, a ƙarƙashin tebur,
wannan ƙugin ne alamar baba zai fara.

Ta taɓa tsirkiya mafi kauri. Tagogi suka amsa.
Sai ga wani abu da ba ta taɓa ji ba:
ƙaiƙayin yatsunta a kan ƙarfe,
da ɗan jinkirin ƙaramin yatsa wajen sauka.
Shekara tara ƙugi na rufa mata asiri.

Evaristo ya yi dariya har da tari.
"Wannan gyaran ba nawa ba ne."

Ta sa tsohon kunnen a gwangwanin shayi, ta cusa a aljihu.
Tana gangarowa, motar lantarki ta wuce.
Ran Asabar za ta juyo,
ta ga fuskokin da suka daɗe suna rawa a bayanta.